Kurakuran da aka fi yi wajen sharhin labarin Gregor Samsa

A ƙarshen shekarar 1912 Franz Kafka ya rubuta Die Verwandlung, wato Rikiɗa, da Jamusanci a birnin Prague, aka buga shi a 1915. Gajeren labari ne mai kashi uku: Gregor Samsa, mai yawon tallan yadi na wani kamfani, ya wayi gari ya ga ya zama ƙaton ƙwaro. Saboda gajartarsa malaman adabi kan fara da shi idan za su koyar da sabon salon ƙagaggun labarai na farkon ƙarni na 20, kuma saboda gajartar nan ɗalibai ke ɗaukarsa da sauƙi. Yawancin sharhin da ke lalacewa a wuri ɗaya yake tuntuɓe: an zuba wa ƙwaron ido, an manta da mutanen gidan.

Kuskure na farko shi ne neman dalilin rikiɗar. Mai karatun da ya tashi da tatsuniya ya saba idan mutum ya koma kura ko maciji, to akwai maita, ko asiri, ko alhaki, kuma akwai makari. Da wannan sabo sai ya shiga labarin yana farautar laifin da Gregor ya yi. Ba zai samu ba. Jimlar farko ta riga ta gama da rikiɗar, ba a sake tambayar dalilinta ba har ƙarshe, kuma an faɗa ƙarara cewa ba mafarki ba ne. Gyaran shi ne a sauya tambaya zuwa abin da kowa ya yi bayan ta faru. Dubi Gregor kansa: ya saita agogo ƙarfe 4 don ya kama jirgin ƙasa na ƙarfe 5, ya farka 6 da rabi, kuma abin da ya tayar masa da hankali shi ne makara da abin da maigidansa zai ce. Mutumin da ya rasa surar ɗan Adam amma yake lissafin jirgin ƙarfe 7, tun kafin wannan safiya aiki ya cinye shi. Nan jigon zama bare ya fara.

Kusa da wannan akwai ɓata shafi wajen gardamar ko kyankyaso ne ko buzuzu. Kafka da kansa ya rubuta wa kamfanin buga littattafai na Kurt Wolff a watan Oktoba na 1915 cewa kada a zana ƙwaron a bangon littafin. Tsohuwar da ke yi wa gidan aikin ƙarfi ce kawai take kiransa buzuzu. Layi ɗaya ya isa a kan wannan.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane cin maki, shi ne ɗauka cewa Gregor kaɗai ya rikiɗe. Shi nasa canjin ya ƙare a layin farko. Waɗanda ke canzawa shafi bayan shafi su ne uba, uwa da ƙanwarsa Grete. Hanyar gane haka mai sauƙi ce: a ɗauki takarda a yi gida uku, a rubuta halin kowannensu a kashi na ɗaya, na biyu da na uku.

Uban ya shekara 5 ba ya aiki tun da kasuwancinsa ya karye, ya yi ƙiba, yana jan ƙafa. Da Gregor ya daina kawo kuɗi sai ga shi ya miƙe, ya zama masinjan banki, sanye da yunifom mai maɓallan zinariya wanda ko a gida ba ya cirewa. Uwa mai fama da asma ta kama ɗinki wa wani shago. Grete, 'yar shekara 17 da ake ganin ba ta iya komai ba sai goge, ta zama mai jiran shago, da dare tana koyon Faransanci da rubutun gaggawa. Ita ce ta fara kai masa madara da burodi, ta lura ya ƙi sha, ta jera masa abinci iri-iri a kan tsohuwar jarida don ta gane wanda yake so. Ita ɗin ce daga baya take tura masa abinci da ƙafa, kuma ita ce ta buga tebur ta ce dole a rabu da wannan abu. Sharhin da bai bi wannan gangarowa mataki-mataki ba bai taɓa jigon zumunci ba.

A nan ma ana zamewa ta ɗaya ɓangaren, a mayar da iyalin azzalumai kawai, Gregor kuma waliyyi. Labarin ya fi haka nauyi. Mutanen nan sun gaji, sun sayar da kayan adon mata na gidan, sun bar wa 'yan haya uku ɗaki suna cin abinci a kicin. Shi ma Gregor yana da nasa: yana alfahari da cewa shi ne ke riƙe da gidan, ya yanke shi kaɗai cewa zai kai Grete makarantar kiɗa, ba tare da shawara da iyayen ba. Riƙon da ya yi musu ya ciyar da su, ya kuma kwantar da su. Mai sharhi na gaskiya zai ajiye duka biyun a kan tebur.

Sai batun kuɗi, wanda ɗalibai da yawa ke tsallakewa domin ba ya kama da "adabi". Gregor yana aikin da ya tsana ne don biyan bashin da maigidansa ke bin iyayensa, yana lissafin saura shekara 5 ko 6. A kashi na biyu yana bayan ƙofa ya ji uban yana bayanin cewa akwai ɗan abin da ya tsira daga karyewar kasuwancin, har da ragowar abin da Gregor ke kawowa duk wata, wanda zai riƙe su shekara ɗaya ko biyu. Da an rage bashin da wannan kuɗi, da ya kusa barin aikin. Gregor ya san haka, amma sai ya yi murna da tsimin uban nasa. Wannan wuri yana da ciwo ƙwarai, kuma duk wanda ke son hujja a kan yadda ƙauna da cin moriya suka cakuɗe a gidan Samsa, ga ta nan.

Wani kuskuren shi ne cika takarda da kalmomi irin su kaɗaici, ƙunci da wariya ba tare da an nuna su a cikin labarin ba. Kafka da kayan ɗaki yake magana. Ɗakin Gregor ƙofa uku gare shi. Da farko shi ke kulle su daga ciki, sabon da ya yi a masaukan tafiya, iyali suna roƙon ya buɗe; daga baya makullan suna waje. Lokacin da uwa da ƙanwa suka fara kwashe kayan ɗakin don ya sami filin rarrafe, sai ya haye bango ya rufe hoton wata mata mai tufafin gashi da cikinsa, domin a bar masa ko abu ɗaya na rayuwarsa ta da. Tuffar da uban ya jefe shi da ita ta maƙale a bayansa fiye da wata guda tana ruɓewa. A kashi na uku ɗakin ya zama wurin jibge tarkace. Ƙa'ida mai amfani: kowace magana a kan jigo a ɗaura ta da abu ɗaya da ake iya gani, ƙofa ko kwano ko tuffa.

Ana kuma cewa Gregor ne ke ba da labarin. Ba shi ba ne. Mai ba da labarin yana manne da tunaninsa, amma ya ci gaba bayan ya mutu a ƙarshen watan Maris: iyalin sun ɗauki hutun yini, sun shiga jirgin titi zuwa bayan gari, iyayen suka lura Grete ta isa aure. Wanda ya tsayar da sharhinsa a kan gawar ya bar shafukan da ke tabbatar da rikiɗar iyalin.

Game da rayuwar marubucin, gaskiya ne Kafka ya yi aiki a hukumar inshorar haɗarin ma'aikata a Prague, kuma a 1919 ya rubuta wa mahaifinsa Hermann doguwar wasiƙar ƙorafi da ba ta kai hannunsa ba. A kawo wannan a matsayin haske, kada ya zama makullin komai. Wasiƙar ta zo shekara 7 bayan labarin, kuma Gregor ba marubuci ba ne.

Idan an zo kwatance, kada a zuba taurarin labaran wancan zamani a buhu ɗaya. Meursault na Albert Camus, a littafin L'Étranger na 1942, bai yi kuka a jana'izar mahaifiyarsa ba, kotu ta riƙe wannan a kansa. Stephen Dedalus na James Joyce, a littafin A Portrait of the Artist as a Young Man na 1916, shi ya zaɓi barin gida da coci da ƙasar Ireland. Gregor bai zaɓi komai ba, kuma ya mutu yana tuna iyalinsa da ƙauna. Kafin a haɗa biyu daga cikinsu a sakin layi ɗaya, a amsa tambaya uku a kan kowanne: wa ya fara ja da baya, shi ko danginsa, yana son komawa ko ba ya so, kuma wa ya amfana da rabuwar.