Kwanan watan imel da ya makara: kurakuran da aka fi yi

A ofisoshin Abuja ana yawan gardama kan saƙon da mai shi ya rantse ya tura kafin ƙarfe huɗu, amma bai shiga akwatin mai karɓa ba sai bayan isha'i, musamman idan takardun neman kwangila ne masu wa'adi. Tushen rigimar shi ne kowane imel yana ɗauke da lokaci fiye da ɗaya. Akwai layin Date, wanda manhajar mai aikawa ke rubutawa bisa agogon na'urarsa, akwai kuma layukan Received, waɗanda kowace sabar (kwamfutar da ke karɓa da miƙa imel) da saƙon ya ratsa ke ƙarawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar layin Date a matsayin lokacin da saƙo ya tashi. Ƙa'idar RFC 5322 ta shekarar 2008, wadda ta tsara fasalin saƙon imel, ta fayyace cewa lokacin da mai rubutu ya kammala saƙo ya danna aikawa ake nufi. Har misali ta kawo na kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ta kan intanet. Saboda haka idan ka danna aikawa da 3:50 a Garki, sabis ya ɗauke, saƙon ya kwana a akwatin fita, 3:50 ɗin ce daidai. Mai haɗa manhaja da ya sa ta sake buga sabon lokaci idan sabis ya dawo ya saɓa wa ƙa'ida. Idan kuma an taɓa layin bayan sa hannun DKIM, wato hatimin da ke tabbatar da asalin saƙo, wanda galibi ya haɗa da layin Date, sa hannun ya lalace.

Saƙon da aka tsara da gangan daban ne. Wanda ya rubuta wasiƙa da ƙarfe ɗayan dare ya ce ta tafi takwas na safe, takwas ɗin ya zaɓa, kuma a ganinmu ita ya kamata manhaja ta buga daidai lokacin sakin saƙon. Barin ƙarfe ɗaya na jawo matsala biyu. Manhajar imel ta Thunderbird kan jera saƙonni bisa layin Date, don haka wasiƙar za ta nutse ƙarƙashin waɗanda suka shigo cikin dare. Sannan matatun tarkacen saƙo irin SpamAssassin suna da dokokin da ke ƙara wa saƙo makin zargi idan kwanan watansa ya yi nisa da lokacin isowa, ko baya ko gaba.

Wani abin da ke kayar da mutane shi ne rashin sanin inda saƙon ke jira. Gmail, tun 2019, yana ajiye saƙon da aka tsara a sabarsa, ko ka kashe waya zai tafi. Tsohon Outlook na kwamfuta kuwa, idan asusun POP ne ko IMAP (hanyoyin haɗa manhaja da akwatin imel), a cikin na'urar yake riƙe shi. Aka ɗauke wuta ko aka rufe manhajar, ba inda za shi sai an sake buɗewa. Kafin ka dogara da tsarin, tura wa kanka gwaji na minti goma, ka rufe komai, ka duba a waya.

Sai agogo. Lokacin Najeriya +0100 ne, wato awa ɗaya gaban GMT, duk shekara, ba ma matsar da shi. Kwamfutocin da aka shigo da su na hannu sukan zo da yankin lokacin Amurka, sai mai ita ya juya awa da hannu ya bar yankin yadda yake. Fuskar agogon ta yi daidai, amma saƙonsa zai fita da kuskuren awanni. Gyaran shi ne a zaɓi West Central Africa a saitin Windows, a kunna daidaita lokaci ta intanet. Idan shekara ce ke komawa baya duk sanda aka kunna, ƙaramin batirin cikin na'urar ne ya mutu, a yawancin kwamfutocin tebur CR2032. A kuma tuna Landan tana daidai da Abuja daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa ɗaya.

Idan gardama ta tashi, kada a kafa hujja da layin Date, domin duk mai juya agogonsa zai iya sauya shi. A Gmail buɗe Show original, a tsohon Outlook buɗe saƙon, shiga File sannan Properties. Karanta layukan Received daga ƙasa zuwa sama, kana maida kowanne zuwa +0100, za ka ga inda saƙon ya tsaya. Sabar da ta kasa miƙawa takan yi ta gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura. Layin da sabar ofishin mai karɓa ta rubuta shi ne abin dogaro, kuma duk ofishin da ke sa wa'adi ya rubuta a sanarwarsa cewa da shi zai yi aiki.