Daga Makin JAMB Zuwa Takardar Admishan: Yadda Ake Tace Masu Neman Jami'a

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, tambayar iyaye ba ta wuce ɗaya: "Malam, yaron nan ya ci 230, ai ya samu jami'a ko?" Sai in ce musu da sauran tafiya. Ina koyarwa a wata sakandare a Kano, kuma ni nake zama da 'yan ajin ƙarshe a kan cike-ciken neman makaranta. Ga abin da nake faɗa musu, kai ma ɗalibi ka saurara da kunnen basira.

Makin da ake shelantawa a rediyo shi ya fi ruɗar mutane. Kowace shekara JAMB takan zauna da shugabannin makarantu su tsayar da mafi ƙarancin makin da za a ɗauki ɗalibi da shi. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, a 2025 aka ɗaga zuwa 150, kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi kuma 100. Wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane kwas kuma gasar masu nemansa ce take yanke nasa. Ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar a 2025, alhali gurbi ƙidayayye ne. Likitanci ma hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce take ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, ko da masu nema sun kai dubu nawa. Shi ya sa 230 kan kai wani ga samun gurbi a wani kwas cikin sauƙi, wani kuma ko kusa da likitanci ba za ta kai shi ba.

Kafin ma a dubi makinka, ana fara duba ko ka cika sharuɗɗa. Darussa huɗun da ka zauna a JAMB dole su dace da kwas ɗin: mai son likitanci Turanci da Physics da Chemistry da Biology, mai son injiniya Lissafi ne a madadin Biology. Sai kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, har da Turanci da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, kodayake jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Sai shekaru, wanda a yanzu 16 ne mafi ƙaranci.

A nan nake son in daɗe, domin nan ne nake ganin yara masu ƙoƙari suna faɗuwa ba gaira ba dalili. Yawancin ɗalibanmu suna yin rajistar JAMB tun sakamakon sakandare bai fito ba. Idan ya fito, dole ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora maka shi a shafinka. Ɗora shi a shafin jami'a ba ya wadatarwa, wurare biyu ne daban. Akwai wata ɗalibata da ta ci maki mai kyau ƙwarai, tana neman haɗa magunguna. NECO ta fito da kiredit takwas, aka yi murna a gida, aka ajiye takardar a cikin akwati. Jerin farko ya fito, na biyu ya fito, shiru. Da muka buɗe shafinta tare, gurbin sakamakon sakandare fayau yake. A idon na'ura ba ta da kiredit ko ɗaya, don haka sunanta bai ma shiga cikin waɗanda za a duba ba. Saboda haka bayan an ce maka an ɗora, kada ka tashi daga kujerar sai ka shiga CAPS, manhajar JAMB ta ɗaukar ɗalibai, da hannunka, ka danna inda aka rubuta My O'Level Result, ka ga darussanka da makinsu da idonka.

Sai tantancewar jami'a, wadda aka fi sani da Post-UTME. Gwamnati ta hana ta a 2016, ta dawo da ita a 2017 da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Wasu jami'o'in jarrabawa suke yi a kwamfuta, wasu takardu kawai suke dubawa, amma ko wanne ne sai ka yi rajista cikin wa'adi. Daga nan ake haɗa maki. Jami'ar Ibadan takan raba makin JAMB gida takwas, na tantancewa gida biyu, ta haɗa su: mai 240 yana da 30 ke nan cikin 50 kafin ya zauna tantancewa. Jami'ar Legas kuwa kashi 50 take ba JAMB, 30 tantancewa, 20 sakamakon sakandare, ka ga a can bambancin A1 da C6 yana iya raba mutum da gurbi. Nemi tsarin jami'ar da ka zaɓa a shafinta, ka yi lissafinka tun da wuri. Ka kuma sani manyan jami'o'i irin su ABU Zariya da Bayero waɗanda suka sa su a zaɓin farko lokacin rajistar JAMB sun ishe su.

Iyaye kan zo da ɓacin rai su ce abokin ɗansu bai kai shi maki ba amma ya samu. Sau da yawa dalilin a bayyane yake. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, ko daga ina mutum ya fito, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, waɗanda Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Yobe suna ciki. Kowane rukuni da inda makinsa yake tsayawa. Ni dai ba na son yaro ya jingina da wannan rangwamen. Idan Bayero ka nema, akasarin abokan gasarka 'yan waɗannan jihohin ne kamar kai, rangwamen bai fifita ka a kansu ba.

To ta ina amsa take zuwa? Tun 2017, a zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, JAMB ta mayar da ɗaukar ɗalibai kan manhajar CAPS. Sunanka hannu uku yake bi: jami'in ɗaukar ɗalibai na jami'a ya gabatar, shugaban jami'a ya sa hannu, sannan JAMB ta duba ta amince, ko ta mayar idan an tsallake wanda ya fi cancanta babu hujja. Babu wanda zai kawo maka takarda gida. Kai za ka shiga shafinka na JAMB da imel da lambar sirri, ka danna Check Admission Status, sannan ka shiga CAPS. Idan a waya kake, saita burauzar ta nuna shafin irin na kwamfuta, in ba haka ba kalmar maraba kaɗai za ka gani a sama, ka ɗauka babu komai.

Idan ka ga Not Admitted, kada ka karaya, ana fitar da sunaye ne kashi-kashi, wani lokacin tsawon watanni. Admission in Progress na nufin sunanka yana tsakanin hannuwan nan uku. Idan gurbi ya fito, maɓallai biyu za su bayyana, na karɓa da na ƙi, kuma akwai wa'adi. Da ka karɓa, ƙofar sauran makarantu ta rufe a wannan shekarar. Haka nan ka riƙa leƙa Transfer Approval, domin jami'a kan ce ba ka kai makin likitanci ba amma ga Microbiology ko Biochemistry, kuma ba za a ci gaba da maganarka ba sai ka amsa. Wannan shawara ce ta zama da iyaye da malamai, kada a danna a tsaye a bakin kafen intanet.

Iyaye, don Allah a riƙe layin wayar da aka yi rajista da shi kamar yadda ake riƙe takardar gida. Ta kansa saƙonnin JAMB suke zuwa, kuma ba a sauya shi da sauƙi. Kada a yi rajista da layin maƙwabci ko na mai kafe, kada a bar lambar sirri a hannun kowa, domin mai ita yana iya karɓar gurbin da yaro bai so ba. Duk wanda ya kira ya ce a turo kuɗi zai ƙara maki ko ya sa suna a jeri, ɗan damfara ne. Kuma ganin suna a allon makaranta ko a shafinta bai isa ba matuƙar bai fito a CAPS ba. Wanda ya shiga ta bayan fage yana iya gama karatu ya tarar sunansa ba ya cikin waɗanda za su tafi bautar ƙasa.

Wanda ya ga makinsa ba zai kai ba, ya sauya kwas ko makaranta tun ƙofa tana buɗe, domin sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki. Kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha da IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, hanyoyi ne sahihai, ta cikinsu ake shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wanda kuma ya karɓi gurbi, ya buga takardar admishan ta JAMB da ainihin takardar sakamakonsa, ya haɗa da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon sakandare, da hotuna, ya duba cewa sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kan kowace, sannan ya nufi rajista.