Kafin ka tara kiredit a kwalejin shekara biyu, san inda za ka kai su

Yawancin 'yan'uwanmu da suka iso Amurka da niyyar karatu, kwalejin al'umma ta shekara biyu suke fara shiga, kuma dabara ce mai kyau. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, akwai azuzuwan dare ga mai aikin rana. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum zai yi shekara uku yana biyan kuɗi yana cin jarrabawa, ranar da ya nemi komawa jami'a a ce masa wani kaso na wahalarsa ba zai shiga lissafi ba.

Kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga nauyin kowane kwas da shi. Digirin farko yawanci kiredit 120 ne, takardar kwaleji kuwa kusan 60. Jami'o'i da dama suna da iyakar abin da za su karɓa daga kwaleji. A Kalifoniya, rukunan jami'o'in gwamnatin jihar guda biyu, UC da CSU, ba sa ƙirga fiye da 70. Idan ka zo da 85, goma sha biyar ɗin nan za su iya cike maka gurbin wani darasi da ake buƙata, amma ba za su rage maka adadin da ya saura ba. Bayan haka kusan kowace jami'a tana so ka yi wani adadi a cikinta kafin ta ba ka digirinta, sau da yawa aƙalla 30.

Amma iyakar ba ita ce ta fi cin mutane ba. Karɓar kwas daban, ƙirga shi a fannin da kake karantawa daban. Jami'a tana iya karɓar kwas ta jefa shi cikin darussan zaɓi, alhali sashen injiniya ko na jinya yana nan yana jiran ka yi nasa lissafin da nasa kimiyyar. Azuzuwan koyon Turanci da na share fagen lissafi, waɗanda sababbin zuwa da yawa ke farawa da su, galibi ba sa bin ka. Kwas ɗin da ka samu ƙasa da C ma sau da yawa haka. A 2017 ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu.

Saboda haka, ɗan'uwa, tun zangon farko ka zaɓi jami'a da fanni. Ka tambayi yarjejeniyar da ke tsakanin makarantun biyu, wadda ke nuna wane kwas ne ke tsayawa a madadin wane. A Kalifoniya shafin ASSIST ne ke ɗauke da ita. A Fulorida, wanda ya gama takardar AA, wato ta karatun shekara biyu, a kwalejin gwamnati yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar, ko da yake ba lallai wadda yake so ba. Kada ka tsaya ga mai ba da shawara na kwalejinka kaɗai. Na jami'ar da za ka shi ne maganarsa ke aiki, kuma ka roƙe shi ya ba ka amsa a rubuce. Ka adana manhajar kowane kwas, don da ita ake ɗaukaka ƙara idan an ƙi shi.

Ga mai katin izinin zama na dindindin da ke karɓar Pell, wato tallafin kuɗin karatu na gwamnatin Amurka, tallafin yana ƙarewa bayan kimanin zango 12 na cikakken karatu, kuma kwas ɗin da jami'a ta watsar ya riga ya ci rabonsa. Idan jami'ar tana bin tsarin kwata ne, wato raba shekara zango huɗu maimakon tsarin samista, a sake lissafi: kiredit uku na kwata daidai suke da biyu na samista. Wanda ya zo da ND ko NCE daga gida kuma, ya tambayi jami'ar wace hukumar tantance takardu take yarda da ita, WES ko wata, kafin ya biya ko sisi.