Kurakuran da masu jan wasa ke tafkawa a kan wata da kalanda

Na gaji da duba takardun sababbin masu jan wasa, irin wasan nan na zagaye tebur kamar Dungeons & Dragons, inda ake jefa ɗan ludo kowa ya ɗauki matsayin jarumi, mai jan wasa kuma shi ke ƙirƙirar duniyar yana jan labarin. Mutum zai shafe wata uku yana zana taswira, ya raɗa wa kowane rafi suna, amma ka tambaye shi yau wata kwana nawa ne a duniyarsa, sai ya hau sosa ƙeya.

Bari in fara da kuskuren da ya kunyata ni. Na taɓa tsara masarautar da ke ƙirga watanninta da ganin jinjirin wata, goma sha biyu a shekara, na kuma ɗora bikin girbi a watan tara. Da labari ya yi nisa sai na ce shekara 10 sun wuce, 'yan wasa za su kutsa rumbun sarki a daren bikin. Wani daga cikinsu ya ja takarda ya yi ɗan rubutu, ya ce, "Malam, wane girbi? Bikin nan yanzu a lokacin shuka ya faɗo." Kuma gaskiyarsa ce. Wata yana cika zagayensa a kwana 29 da rabi, shekararsa kwana 354, ta rana kuwa 365 da kwata. Gibin kwana 11 ne duk shekara, a shekara 10 kusan 110. Abin takaicin, ni da na yi azumi a sanyin hunturu na kuma yi shi a zafin bazara, ni ne na manta cewa watan Musulunci yakan zagaye lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. Shirin mako shida ya rushe a zama ɗaya.

Mafita uku na sani. Ko ka raba kalanda da wata gaba ɗaya, yadda aka yi a Forgotten Realms, ɗaya daga cikin ƙagaggun duniyoyin Dungeons & Dragons: wata 12 masu kwana 30, da ranakun biki 5 a tsakaninsu, da ƙarin rana ɗaya duk shekara 4. Ko ka riƙa cusa wata na 13 sau 7 cikin shekara 19, kamar kalandar Yahudawa. Ko ka bar gibin ya zama labari, manoma na bin taurari, fada na bin wata, ana ta rigima kan ranar karɓar haraji. Ni ta farkon nake bi, don ragwanci.

Sai masu haɗamar watanni. Haba jama'a! Ɗaya ya gagare ka, ka rataya uku a sama don burgewa? In ka nace, yi lissafi. A Dragonlance, wata ƙagaggiyar duniyar wasan, akwai watanni uku a sama: Solinari mai zagayen kwana 36, da Lunitari mai 28, da Nuitari mai 8, kuma ba sa komawa haɗuwa guda sai bayan kwana 504. Ƙarfin matsafan can da su yake tafiya, shi ya sa aka tsaya aka ƙirga. Na zauna a teburin da wata ya cika daren Talata, ya sake cika daren Juma'a, don kawai mai jan wasa na son wani ya rikiɗe ya zama kura. Daga ranar babu wanda ya ƙara ɗaukar samansa da muhimmanci. Ni takarda ɗaya nake ajewa, in ja layi a duk kwanan da ya wuce a labari, ko da barci 'yan wasa suka yi.

Sauran ƙanana ne. Cikakken wata da magariba yake fitowa daga gabas, jinjiri kuma a yamma ake ganinsa, ya faɗi da wuri. Husufin rana a ƙarshen wata yake aukuwa, na wata a tsakiyarsa. Sauyin lokutan shekara daga karkatar duniya ne da digiri 23.4, ba daga nisanta da rana ba, don a farkon Janairu ma ta fi kusantar ranar. In jarumanka sun ƙetara can kudancin duniya, lokutan juyawa suke yi. Zara matar wata kuwa da asuba ko da magariba take bayyana, ka daina kafa ta tsakar ka da tsakar dare.