Yadda ake busar da 'ya'yan itace da kayan lambu don yaro mai tsirfar ci

Autana ya kai shekara huɗu ba ya taɓa gwanda. Ko mangwaro aka ba shi sai ya yamutsa fuska ya ce, "Umma, yana min yauƙi a baki." Amma biskit da cincin, ko na kwana uku ne, zai cinye tas. Da daɗewa na gane ba ɗanɗanon yake gudu ba, laushin ne da ruwa-ruwan. Ranar da na miƙa masa busasshen mangwaro ban ce masa komai ba, ya tauna, ya dawo neman ƙari.

Shanya ba baƙon abu ba ce a gidajenmu. Muna kauɗar tumatir, muna busar da kuɓewa da kuka da zogale. Abin da ya rage kawai shi ne mu yi wa mangwaro da ayaba irin wannan hidimar, da tsafta fiye da ta kayan miya, tunda ba za a sake dafa su ba.

Ki fara da zaɓen lokaci. Daga Maris zuwa farkon Mayu rana ta fi ƙarfi, iska a bushe take, kuma lokacin ne mangwaro ke cika kasuwa yana araha. Wanda ya leƙa 'Yan Lemo a Kano ya san haka. Hunturu ma yana busarwa, sai dai ƙura. Da damina kam kada ki wahalar da kanki, fumfuna za ta riga ki.

Ki sayi nunanne mai ɗan tauri, wanda bai fara lugwigwicewa ba. Mangwaro mai zare bai dace da yanka ba, ki ajiye shi don kilishi, zan zo kansa. Ki wanke, ki fere, ki yanka fale-fale, kaurin bai wuce milimita 5 ba, kuma ki daure yankan ya zo daidai, don kada wani ya bushe wani yana ɗanye. Ayaba da tuffa suna baƙi da zarar iska ta taɓa su, saboda haka ki matse lemon tsami a ruwa ki tsoma su kamar minti 5, ki tsane a gwagwa. Abarba da gwanda ba sa buƙatar wannan.

Ki jera su a kan faifai mai tsafta ko rariya mai faɗi, inda iska za ta ratsa ta ƙasa, kada wani ya hau kan wani. Ki rufe da yadin gidan sauro da aka wanke, amma ba wanda aka jiƙa da maganin sauro ba, ki ɗaga shi kaɗan kada ya manne. Ki ɗora a kan tebur ko bisa katanga, nesa da kaji da awaki. Ki juya sau biyu a yini, ki shigar ɗaki kafin magariba saboda raɓa. Kwana biyu zuwa huɗu sun isa. Kada ki yi mamaki idan faifai guda ya koma tafi biyu, fiye da kashi 80 cikin 100 na mangwaro ruwa ne.

Mai obin kuma, wato na'urar gashi, ta sa shi a digiri 60 na ma'aunin Celsius, ta bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, awa 6 zuwa 8. Ni dai na fi yarda da rana, don na taɓa sa tire biyu wuta ta ɗauke cikin dare, da safe na tarar sun yi tsami.

Yanzu ga wanda ya fi karɓuwa a gidana, wanda yaran suka raɗa wa suna kilishin mangwaro. Ki markaɗa tsokar mangwaro kofi biyu da ƙaramin cokali biyu na ruwan lemon tsami. Idan mai zare ne ki tace. A nan ne ake ɓoye kayan lambu: ki dafa karas ko kabewa su yi laushi, ki markaɗa rabin kofi ki zuba a ciki. Launinsu ɗaya da na mangwaro, zaƙinsa kuma yana danne su. Kada ki yi zari ki wuce haka, harshen mai tsirfa ya fi na mai gwajin miya kaifi, kuma in ya gano ki sau ɗaya sai ya riƙa sansana komai. Ki ɗora haɗin a wuta kaɗan ya yi minti 10 kina juyawa, ki shafa ɗan mai a tiren silba, ki zuba ki baza da bayan cokali, siriri kamar kwali, gefe ya ɗan fi tsakiya kauri don shi ke fara bushewa. Sai ki shanya shi kamar yadda aka yi wa yankan. Idan kika danna tsakiya da yatsa bai manne ba, ya yi. Ki ɓamɓaro shi, ki yanka da almakashi, ki naɗe. Sukari ba ya cikin lissafi.

Karas shi kaɗai in ya bushe tauri yake kamar tsakuwa, ban ba ki shawarar ba yaro shi ba. Dankalin Hausa ya fi, musamman mai jan ciki, wanda ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ki dafa shi bai kai ga farfashewa ba, ki yanka tsaye-tsaye ki shanya. Yana fitowa da danƙo da zaƙi kamar dabino.

Abin da aka shanya a waje, ki sa shi a firiza kwana biyu, ko obin mai digiri 70 na minti 30, don kashe ƙwan ƙwari. Sannan ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, ki riƙa girgizawa kullum har mako guda. In kika ga gumi a jikin kwalbar, ki mayar rana. Wanda ya yi fumfuna a zubar, ba a kankarewa.

Wajen bayarwa a kula. Busasshen abu mai tauri ko danƙo yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba. Irin wannan a jiƙa masa ya yi laushi, a yayyanka ƙanana a kunu ko koko, ya ci a zaune kina kallo. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Zaƙin busassun 'ya'yan itace yana taruwa wuri ɗaya ya maƙale a haƙori, don haka cikin tafin hannun yaron ya isa, ya kora da ruwa, a goge baki da dare. Zafi yana rage bitamin C, shi ya sa ɗanyen ma ba a daina tayi ba.

Ki kuma ba yaron aikin jera yankan a faifai da zuwa duba shanya. Nawa har gadin kaji yake yi da ɗan karansa, yana tambaya, "Umma, nawa ya bushe?"