Idan injin motarka ba ya ɗaukar zafi lokacin hunturu

Jama'a, motocinmu da yawa na Zariya an taɓa su, bakanike ya cire tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa kar ya shiga lagireto sai inji ya yi zafi) ya kuma haɗa fanka dairek wai don kar mota ta yi oba hitin, to da sanyin Disamba ya shigo sai ka tashi daga Samaru har ka wuce Kwangila allurar zafi tana kwance a ƙasa. Wannan matsala ce wallahi, inji yana son zafi wajen digiri 90, in bai samu ba sai shan fetur, filogi ya yi baƙi, bakin mai ya gurɓace, injin yana cin kansa a hankali.

Ga yadda za ka duba. Da sassafe ka tada motar, ka dafa tiyo na sama mai shiga lagireto. Ya kamata ya zauna da sanyi na 'yan mintuna sannan ya yi zafi farat ɗaya. In tun farko ɗumi yake bi a hankali, to tamostat babu shi ko ya maƙale a buɗe. In yana nan a ciro shi, lafiyayye a rufe yake in yana da sanyi, sai ka jefa shi ruwa mai tafasa a tukunya ka ga ya buɗe.

Sai fanka, in tana juyawa da ka murɗa makulli, a mayar da ita kan sensa, wato na'urar da ke kunna ta in inji ya yi zafi. In duk waɗannan lafiya lau, a gwada sensar da ke motsa allurar zafin ita kanta.

Don Allah kar ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan yana ƙona fuska.