Neman gurbin bincike kan ƙanƙarar teku daga Kebbi: kurakuran da aka fi yi

Kwanakin baya wani ƙane a wurin aiki, wanda bai daɗe da kammala digirin digirgir a fannin lissafi ba, ya same ni a ofis bayan La'asar. Ya ajiye kwamfutarsa a kan tebur ya ce, "Yaya, wasiƙu sun fi ashirin na aika, ko mai ce mini sannu babu." Gurbin binciken bayan digiri na uku yake nema, wanda 'yan jami'a ke kira fosdok, a fannin kwaikwayon teku da ƙanƙararta a kwamfuta. A ganinsa an ƙi kula shi ne don daga Birnin Kebbi yake, inda ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin kula lokacin azumi. Na zauna na karanta wasiƙun, sai na ga inda gizo ke saƙar. Da yawa daga masu wannan aiki a Turai ma ba su taɓa taka ƙanƙarar teku ba, a gaban kwamfuta suke wuni. Abin da ya tare masa hanya kurakurai ne da za a iya gyarawa.

Wasiƙar tasa guda ɗaya ce, suna kawai yake canzawa. Ta fara da yabo, ta ƙare da roƙo, babu inda ya faɗi tambayar da yake son amsawa. Gyaran shi ne a karanta takarda biyu ko uku na wanda za a rubuta wa, a ambaci abu guda a ciki, a ce ga inda nake son ɗorawa. Kuma ɗan Kebbi yana da hujja mai ƙarfi ta shiga wannan fanni. Bincike ya nuna cewa farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 yana da alaƙa da sauyin ɗumin saman tekuna. Ruwan da manomin shinkafa ke jira a fadamar Argungu, da wanda ya yi yawa ya cinye gonaki a ambaliyar 2020, daga teku iskar damina ke ɗauko shi. Wanda ya rubuta wannan a matsayin tambayar kimiyya, za a karanta wasiƙarsa har ƙarshe.

Sai cuɗa nau'o'in ƙanƙara, kuskuren da ke kayar da mutum a minti biyar na farkon ganawa. Ƙanƙarar da ke kan tudu a Girinlan da Antatika daga dusar da ta taru take, narkewarta ce ke ƙara tsawon teku. Ƙanƙarar teku kuwa ruwan gishirin ne da kansa ya daskare, a wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili, tana yawo a saman ruwa, don haka narkewarta ba ta ƙara wa teku wani tsawo na a zo a gani. Muhimmancinta yana wani wurin: farinta yana mayar da hasken rana sama, tana raba iska mai sanyi da ruwa kamar murfin tukunya, kuma idan tana daskarewa tana fitar da gishiri, ruwan ƙarƙashinta ya yi nauyi ya nutse.

Babban kuskuren dai shi ne zuwa hannu rabbana. Ƙanen nan ya rubuta cewa yana da "ƙwarewa a kwamfuta", amma babu abin nunawa. Samfuran da ake aiki da su, wato manhajojin kwaikwayon teku da ƙanƙara a kwamfuta, suna da sunaye: CICE da aka fara ginawa a Los Alamos ta Amurka, NEMO na Turai, MOM6 na Firinston, MITgcm, da FESOM na Cibiyar Alfred Wegener da ke Jamus. Kusan duk da harshen Fortran aka rubuta su, a kan Linux ake tayar da su, da Python ake tace abin da suka fitar. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai ba mu da gagarumar kwamfuta. Gaskiya ne, amma jiranta ɓata lokaci ne. Manhajojin nan kyauta suke a intanet. MITgcm yana zuwa da ƙananan gwaje-gwaje da kwamfutar cinya ke iya ɗauka, CICE kuma yana da ɓangare mai suna Icepack da ke lissafin ƙanƙara a wuri guda tak. Bayanan tauraron ɗan'adam tun daga 1979 suna nan a NSIDC, cibiyar bayanan dusa da ƙanƙara ta Amurka, sakamakon samfuran duniya kuma yana cikin rumbun CMIP6, shirin haɗin gwiwa na gwada samfuran yanayi da juna. Kada ka ce sai ka sauke komai, data ba za ta kai ka ba. Ɗauki ma'auni guda, na wata-wata, ka sauke da dare idan layi ya yi sauƙi. Ka zana yadda ƙanƙarar Aktik, wato tekun ƙuryar Arewa, ta sauka zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4 a Satumban 2012, da yadda ta Antatika ta kai kusan miliyan 1.8 a Fabrairun 2023. Ka ɗora aikin a GitHub, shafin intanet na ajiye manhajoji, da bayani mai tsabta. Wannan ɗan aikin ya fi shafi uku na yabon kai.

A nan ne ni ma na taɓa tuntuɓe, kuma har yau ina jin zafin abin. Samfuri yana raba teku gida-gida kamar dara, amma gidajen ba girmansu ɗaya ba. Saboda layukan taswira suna haɗewa a ƙuryar Arewa, masu gina samfuran teku sukan karkatar da ragar, su kai mahaɗar kan tudu. Ni kuwa na tara adadin gidajen na raba, kamar duk daidai suke. Wata guda ina gina bayani a kan lambar da ba ta da tushe, sai da wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko na ninka kowane gida da faɗinsa. Tun daga ranar, fayil ɗin faɗin gidaje nake fara nema. Akwai 'yan'uwan wannan kuskure guda biyu. A bayanan CMIP ana cike gurbin tudu da lamba 1e20, wato ɗaya da sifili ashirin, idan ba ka cire ta ba lissafinka ya tashi aiki. Sannan faɗin yankin ƙanƙara, wato duk gidan da ƙanƙara ta rufe aƙalla kashi 15 cikin 100 nasa, daban yake da ainihin faɗin ƙanƙarar. Kada a gwada na samfuri da na tauraro sai an tabbatar abu ɗaya ake aunawa.

Haka kuma kada a yi gaggawar karanta sakamakon shekarun farko. Can ƙasan teku yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru, har dubbai, kafin ya daidaita a cikin samfuri, kuma abin da mutum ya ɗauka sauyin yanayi ne yana iya zama samfurin ne bai zauna ba tukuna.

Maganar takardu tana da ɗaci, amma dole a faɗe ta. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya saba mana da ƙirga yawa, har mutum ya biya kuɗi a buga masa a mujallar da ba ta tantance komai. Masu ɗaukar fosdok sun san waɗannan mujallu sarai, ganinsu a takardar tarihin aikinka yana rage maka daraja. Takarda ɗaya mai kyau, wadda kai ne marubuci na farko, ta fi goma irin waɗancan.

Lokaci ma yana cin mutane. Mukan ce bari in huta, in yi gini, in ƙara girma tukuna, alhali ƙofofin suna da wa'adi. Tallafin Humboldt na Jamus ga sababbin daktoci yana neman wanda bai wuce shekara 4 da kammalawa ba, na Marie Curie na Tarayyar Turai kuma shekara 8, kuma dukansu sai ka sami mai masauki da ya yarda da kai kafin ka nema. Kada ido ya tsaya kan Amurka da Ingila kaɗai. Afirka ta Kudu tana da jirgin bincike S.A. Agulhas II da tasha a Antatika, Jami'ar Kef Tawun kuma tana nazarin ƙanƙarar Tekun Kudu. Cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya don masanan ƙasashe irin namu aka kafa ta.

Idan Allah ya sa aka kira ka, kunya kada ta hana ka tambaya. Kwantiragin yawanci shekara biyu ne ko uku. Shin akwai rabon lokaci a gagarumar kwamfuta? Albashin zai riƙe iyali, kuma bizar ta ba su damar biyo ka? A gida kuma ka kammala maganar hutun aiki a rubuce kafin ka sayi tikiti.

Ƙanen nawa ya dakatar da aika wasiƙu. Shekaranjiya na leƙa ofishinsa bayan an ɗauke wuta, na tarar ya jona kwamfuta da batirin sola, taswirar Aktik ta Satumba tana fitowa a allo. Ya juyo ya ce, "Yaya, wannan ramin da ke tsakiya fa?" Na ce masa wurin da tauraron ba ya iya gani ne a ƙuryar Arewa, ya duba yadda NSIDC ke cike shi kafin ya tara lissafinsa.